Muryar Kawu a gurup na gida: kada a sayo wesen Hajiya sai an auna bakin tiyo

Salamu alaikum. Ƴan gida barkanku da dare, ina gajiya. Da kai nake, ɗana na Yamai. Na saurari bokal ɗinka, saƙon muryar nan, na kuma ga hotunan nan biyu da ka turo, farin wese na zama, wato masan da ake zama a kai, da wancan mai ruwan toka, kana tambaya wanne ya fi kyau ka sa a sayo wa Hajiya daga Kano tunda gwiwa ta hana ta tsuguno. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Amma maganar kyau ka ajiye ta tukuna, dukansu tangaran ne. Abin da ya kamata ka sani shi ne wanne zai hau bakin tiyo, wato bututun ƙazanta, da ke makewayin Yaya, ita Hajiyar ke nan. Wannan kuwa sai metir. Ni ina Tanut wurin aiki, ba zan shigo Damagaram da wuri ba, saboda haka Auta, kai ma buɗe kunnenka, kai za ka yi awon.

Wese na zama iri biyu ne, ka gane? Akwai wanda ƙazanta ke fita ta ƙarƙashinsa, ta gangara cikin daɓe. Akwai wanda ke fita ta bayansa, ta nufi bango. Kayan Sin ɗin nan da ke shigo mana ta Kano, in ka duba kwali za ka ga harafin S ko harafin P. S na ƙasa ne, P na bango. Kusa da harafin S akwai lamba, 250, ko 300, ko 305, wani lokaci 400. Wannan lambar milimetir ce, kuma ita ce tazarar da ke tsakanin bango da tsakiyar rami. Wato santi 25, santi 30, santi 40. Na 30 ya fi yawa a kasuwa. Asalinsa awon Amurka ne, su inci 12 suke cewa, suna da na inci 10 da na inci 14 kuma. Shi ya sa in ka kira ɗan kasuwar Ƙofar Ruwa zai iya yi maka magana da inci, kai kana santi, ku yi ta eh eh alhali ba abu ɗaya kuke faɗa ba. Inci 1 santi 2 da rabi ne da ɗan ɗigo. Ka ce ya ɗauki hoton kwalin ya turo, a ga lambar da ido.

To Auta, ga yadda za ka yi. Ka kafa bakin metir a bangon baya, bangon da tankin ruwa zai jingina. Ka ja shi zuwa tsakiyar bakin tiyo. Tsakiya na ce. Ba leɓen da ke kusa da kai ba, ba na can ba, tsakiya. Tiyon nan faɗinsa santi 10 ne, in ka tsaya a leɓe ka zubar da santi 5 ke nan, kuma santi 5 ya isa ya sa a mayar da kaya Kano. In ba ka iya gane tsakiya da ido, ɗora ɗan kara a kan bakin, ka yi masa alama a rabi, ka auna zuwa alamar. Kuma in akwai ɗan karon nan, wato tayil, da ake zagaya gindin bango da shi, kada ka kafa metir a jikinsa, ɗaga sama da shi ka kafa a ainihin bango, domin tanki a sama yake jingina.

Ina zuwa, na yi gaba da yawa. Makewayin Yaya ai na tsuguno ne, har yanzu faranti yana wurin. To kada ka auna ramin da kake gani a cikin farantin, zai ruɗe ka. A ƙarƙashinsa akwai sifo, wato lanƙwasar nan mai riƙe ruwa don wari kada ya taso, kuma shi yana kai tiyo gefe ko baya, ba lalle inda idonka ke gani ba. Sai an fasa an cire faranti, an tone an fid da sifo, sannan ainihin tiyo ya bayyana. Sifon nan dole ya fita, domin wese na zama da nasa yake zuwa a jikinsa. In ka haɗa biyu a layi ɗaya iska ta maƙale tsakaninsu, ruwa ya riƙa tafiya da ƙyar, kullum kuna neman mai zura waya. Kuma tunda za a tona, alheri ne: ku za ku zaɓi inda bakin tiyo zai fito. Sai ku fito da shi daidai santi 30 daga bango, a huta.

Amma wane bango? Nan ne mutane ke faɗawa. Bangon da aka gama, mai shafe da karo. Na ji ka ce za ka sa a manna sabon karo a makewayin gaba ɗaya. To karo da simintin da ke bayansa suna cin kamar santi 2, in bango ya karkace magini ya cika siminti, har 3 suna ci. Ke nan in kuna awo a bango tsirara, ku bar 32 ko 33, bayan karo ya dawo 30.

Wannan abin shi ya haɗa ni da wani mai gida a Karkada, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Gida sabo, mai kuɗi ne, ba ya rasa komai. Magininsa bai jira kowa ba, ya dasa tiyo da ido, ya zuba dal, wato kankaren daɓe, a kai. Daga bulo tsirara ya bar 18. Aka yi shafe, aka manna karo, abu ya koma 15. Shi kuma mai gida tun kafin a rufa ɗaki ya riga ya sayo wese guda uku na 30, masu tsada, suna jibge a gareji. Sai da komai ya bushe aka kira ni in ɗora. Na ja metir a gabansa, na ce Alhaji wannan ba zai zauna ba, tanki zai ci bango da santi 15. Ya ce ai an ce masa ni gwani ne, in yi dabara. Wace dabara? Tangaran ne, ba a lanƙwasa shi. Na ba shi hanya biyu: ko a fasa karo layi biyu a matsar da tiyo, ko a mayar da waɗannan a kawo masu fita ta baya in haɗa su da kud, wato mahaɗin tiyo mai lanƙwasa. Ya ce karonsa na Ispaniya ne ba a taɓa shi, mai kanti kuma ba ya karɓar kaya in an buɗe kwali. Ya sallame ni. Ya kawo wani yaro, yaron ya sassaƙe bango ya cusa tanki a ciki, marfin tanki ba ya ma buɗuwa. Ranar da robar ciki ta lalace, ta ina za a sa hannu? Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ya shiga gari yana cewa na kasa aiki. Ni na kasa aiki! Shi maginin da ya dasa tiyo babu metir, ba wanda ya ce masa kanzil. Tela ma ba ya yanka yadi sai ya auna mutum, amma gida na miliyoyi a dasa masa tiyo da ido. Daga baya da ruwa ya fara jiƙa bangon ɗakin kwana ta baya, aka aiko a kira ni. Na je, don ba a ƙin mutum yana cikin wahala, amma fasa karon nan da ya ƙi, shi aka yi, har da ƙari. To, bar wannan.

Abin da za ku riƙe: in lambar rami ta fi ta wese, da sauƙi. Rami yana 35, wese na 30, zai zauna, sai dai a sami rata ta santi 5 bayan tanki, a sa masa abin tokare don kada ya riƙa girgiza. In lambar wese ta fi ta rami, babu zama. Akwai wata roba mai karkataccen baki da ake sayarwa, tana matsar da rami santi 2, 3, in ta yi yawa 5. Ana sa ta in an rasa yadda za a yi, amma tana rage hanya. Shi kuma tiyon nan mai miƙewa yana lanƙwashewa, mai zobe-zobe, ni ba na sa shi a gidan ɗan'uwana. Ƙazanta tana maƙalewa a zoben, kuma a garin da ruwa ba ya wadata, me zai tura ta?

Yauwa, ruwa. Kun san halin da muke ciki, pampo ya yi kwanaki bai ce uffan ba, sai ƴan garuwa. Wese na zamani yana cin litir 6 a juye ɗaya, mai maɓalli biyu ƙaramin yana cin 3. Na da suna cin 9 ko fiye. Ka nemi mai maɓalli biyu. Ranar da babu ruwa a tanki kuwa, bokiti ɗaya in an sheƙa shi da ƙarfi yana wankewa. Amma sai tiyo yana da gangara, santi 2 a kowane metir har zuwa fos, wato rufaffen ramin da ƙazanta ke taruwa. Auta, in magini ya kwantar da tiyo, ka zuba ruwa ka gani da idonka yana gudu kafin a rufe. Kun san ƙasar Birni, ka ɗan tona kaɗan ka tarar da dutse, sai ma'aikaci ya ji ƙyuya ya kwantar da tiyo a miƙe. Kada ka yarda. Kuma ba salangar tsakar gida nake nufi ba fa, kada wani ya ce a ɗora wese a bakinta. Ramin nan ba a yi shi don ruwa mai yawa ba, ga katangar ƙasa a gefensa. Wanda ke haɗe da fos, na kusa da ɗakinta, shi ake magana.

Idan kuma aka tona aka tarar tiyon bango ya nufa, to awon ya sake. Daga daɓe za ka auna zuwa tsakiyar bakin tiyo, a tsaye. Santi 18 ake so, daga saman karo, ba daga dal ba. Gara tiyon bango ya ɗan yi ƙasa da bakin wese da ya yi sama, don ruwa ba ya hawa tudu.

Sai faɗin tiyo. Namu na nan 100 ne, irin awon Faransa. Wanda ke zuwa daga Najeriya inci 4 suke ce masa, bakinsa ya ɗan fi namu faɗi. In wese ya zo da robar haɗinsa daga can, a gwada ta a bakin tiyonku kafin a taɓa siminti. In ba ta kama ba, a nemi ta daidai a kantunan kayan pampo na wajen Kasuwar Dole, kada a cika wurin da siminti a ce ya toshe. Siminti yana tsagewa, wari ya dawo.

Gefe da gefe kuma, daga tsakiyar rami zuwa bangon dama, da zuwa na hagu, kada ya gaza santi 40. Turawa 38 suke cewa, amma su ba sa shiga da buta. Yaya tana bukatar inda za ta ajiye buta a dama, hannunta ya kai ba tare da ta sunkuya ba, kuma robine, wato kan pampo, ma a dama za a sa shi. Gaba a bar santi 60 a ƙalla. Shi kansa wese yana cin kusan 70 daga bango, to ku lissafa, ku kuma buɗe ƙofa ku gani ko za ta buge shi. Na fi son ƙofar ta riƙa buɗewa waje ma, tsohuwa ce, Allah ya kiyaye, in ta zame a ciki a iya shiga.

Af, alƙibla. Wannan da shi ya kamata a fara. Kafin ku zaɓi bangon da za ku auna, ku duba gabas. Alƙiblarmu gabas ce ta ɗan karkata arewa. Malamai sun ce a cikin gini akwai sauƙi, amma na san yayata, in ta gane tana fuskantar gabas ko ta ba ta baya, ba za ta zauna a kai ba ko da na zinariya ne. A jingina tanki a bangon kudu ko na arewa. In farantin yanzu haka yake, shi ke nan, bangon bai sake ba.

Tsayi kuma, tunda don gwiwa ake yi. Na kullum santi 40 ne daga ƙasa. Akwai masu tsayi, 45 zuwa 48, sun fi sauƙin tashi ga mai ciwon gwiwa. Amma Yaya ba doguwa ba ce, kada ƙafarta ta riƙa reto. Ku zaunar da ita a kujera, wadda ta fi jin daɗin tashi daga kanta, ku auna tsayin kujerar. A kafa mata ƙarfen kamawa a bango, mai ƙwari, da dogayen kusoshi, ba irin na rataya tawul ba.

Saboda haka ɗana, kuɗin nan riƙe su tukuna. Auta ya kira magini a cire faranti, ya turo mini lamba huɗu: bango zuwa tsakiya, dama, hagu, gaba zuwa ƙofa, da hoto metir yana kwance a wurin ina ganin lambar. Bakin tiyon kuma a cusa masa tsumma cikin leda a ɗaure, kada ɓaraguzai su faɗa ciki, kada kyankyasai su fito mata. In na gani zan faɗa maka S ne ko P, da lambar da za ka ba mutumin Kano. A gaishe mini da Yaya, a ce ta yi haƙuri da salanga na ɗan lokaci, a sa mata kujerar roba mai huda a kai. Sai da safe.