Tambaya da Amsa: Na Tashi Cikin Wuya, Zan Iya Zama Koci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 29, ina zaune a Boukoki, nan Yamai. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, aka kai ni riƙo wurin gwaggona. Talla da safe, wanke-wanke da dare, duka da gori kuwa ba a magana. A CM2 aka cire ni daga lakkol. Yanzu alhamdulillahi ina da shagon ɗinki, kuma mata da yawa kan zauna su faɗa mini damuwarsu. Ina so in zama koci mai taimaka wa mutane su canza rayuwarsu. Ta ina zan fara? — Wata mai karatu daga Boukoki

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya jiƙan mahaifiyarki. Za ki iya, amma wuyar da kika sha ita kaɗai ba ta isa ta mai da ke koci ba. Ta ba ki tausayi da saurin gane mai ɓoye damuwa. Sauran aikin koyonsa ake yi, kuma da kanki za ki fara.

Abin da ya samu yaro yana bin sa har girma. A 1998 likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun fitar da sakamakon farko na binciken da ya shafi mutane fiye da 17,000, suka nuna cewa yawan nau'in wahalar ƙuruciya, irin su duka, zagi da rabuwar iyaye, yana tafiya tare da ƙaruwar haɗarin ciwon damuwa, shaye-shaye, har da ciwon zuciya. Sai dai haɗari ba hukunci ba ne. Masaniyar halayyar yara Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na jihar Hawaii a Amurka, ta tarar kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin mawuyacin hali sun zama manya masu natsuwa. Abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babban mutum guda da ya tsaya musu: kaka, malami, ko maƙwabciya.

To, ki gwada kanki. Tabo ne ke gare ki, ko gyambo? Tabo ana taɓa shi ba ya jini. Ki samu wadda kika amince da ita, ki ba ta labarin gidan gwaggonki cikin minti biyar. Idan kin gama kina iya komawa kan kekenki ki ci gaba da ɗinki, kuma daren nan kika yi barci, kin kusa. Idan jikinki ya ɗauki rawa, ko kika wuni kina huce haushi kan yaran shago, da sauran aiki. Ki sayi ƙaramin littafi, ki raba kowane shafi gida uku: abin da ya faru, abin da na ji a jikina, abin da na yi. Ki cika shi kowane dare tsawon mako 4. Za ki ga abubuwan da ke tunzura ki ba su da yawa, biyu ne ko uku suke maimaita kansu: ɗaga murya, a ce miki "ba ki iya komai ba", ko a yi miki gorin abinci. Waɗannan ne ranar da wata ta ambace su a gabanki za ki daina sauraronta ki koma sauraron kanki. In sun taso, ki ja numfashi kina ƙirga 4, ki sake shi kina ƙirga 6, sau biyar, kafin ki buɗe baki.

Daga nan sai koyon sana'ar. Kowa na iya buga kati ya rubuta koci a kai, shi ya sa masu horon kwana uku suka yi yawa a Facebook. Ga ma'aunin da za ki riƙe: ƙungiyar masu aikin koci ta duniya, ICF, wadda aka kafa a 1995, ba ta ba da shaidarta ta matakin farko sai mutum ya yi awa 60 na horo, awa 100 na zama da mutane, da awa 10 a ƙarƙashin gogaggen koci mai duba aikinsa. Ko ba ki nemi wannan takarda ba, duk mai son karɓar kuɗinki ki tambaye shi: awa nawa ne horon, kuma wa zai saurari zamana da mutum ya gyara mini? In babu mai sauraro, wa'azi ne za ki saya.

Shi zaman kansa, minti 45 zuwa awa guda ya isa, sau ɗaya a mako biyu, ku yi alkawarin zama 6 tun farko. Ba a cikin shago ba, inda mai kawo ɗinki za ta faɗo a tsakiyar magana. Tambayoyi huɗu ne ƙashin bayansa: me kike so ya canza? Yanzu ina aka tsaya? Waɗanne hanyoyi kike gani? Wanne za ki yi, kuma yaushe? A ce mace ta ce miki, "Ina so in daina dukan ɗana." Kada ki ce "ki yi haƙuri". Ki tambaye ta yaushe ta doke shi na ƙarshe. Ta ce jiya da magariba, tana tuƙa tuwo, ya zubar da ruwan jarka. Ki ce, sauran lokutan fa? Sai ta yi shiru, ta ce ai kusan kullum da magariba ne. Nan aikin yake: wa zai riƙe yaron tsakanin magariba da isha'i? Ita za ta kawo amsar, ke ki rubuta, bayan mako biyu ki tambaye ta yadda aka yi. Kashi biyu cikin uku na lokacin, bakinta ne zai yi aiki.

Inda masu tarihi irin naki suka fi tuntuɓe shi ne ba da labarin kansu. "Ni ma haka aka yi mini" yana da daɗin faɗi, amma yana ƙwace zaman daga hannun mai shi, har ta ji kunyar cewa tata wuyar ba ta kai taki ba. Sai barin waya a buɗe: wadda ta tashi ba a kula da ita ba tana jin nauyin cewa a'a, sai ki ga ana turo mata saƙon murya ƙarfe 1 na dare tana amsawa, wata uku ta gaji ta watsar da aikin. Ki sa lokaci tun ranar farko, ki faɗi kuɗin zama tun ranar farko, kuma kada ki fara da ƴan gidanku ko ƙawayenki na foyandi. Sirri kuwa, Yamai ƙaramin gari ne ga mai surutu. A littafinki ki sa lamba maimakon suna.

Akwai iyakar da ba ki tsallakawa. Wadda ta yi mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba ta jin daɗin komai, ko take jin muryoyi, ko ta kamu da taramol, ko ta ce gara ta mutu, wannan ta likita ce. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta jefa mutum cikin tunanin. In ta ce e, kada ki bar ta ita kaɗai: ki kira wani nata, a kai ta CSI (asibitin unguwa) mafi kusa ko sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai a ranar.

Tambaya: Mahaifina ya yi mini azaba ina yaro. Yanzu ya tsufa, ni ke ciyar da shi. Abokaina a fada sun ce ba zan iya taimakon kowa ba sai na yafe masa. Haka ne? — Wani matashi daga Talladje

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ɗawainiyar da kake yi. Yafiya alheri ce babba, amma ba a matso ta da ƙarfi. Wanda aka tilasta wa cewa "na yafe" yakan haɗiye fushin, ya fito da shi kan matarsa da ƴaƴansa. Abin da aikin ke bukata gare ka shi ne kada ka ga fuskar mahaifinka a kan kowane dattijo da aka kawo maka ƙararsa. Ci gaba da kai masa cefane da magani, ka gaishe shi da ladabi. In zama da shi na tayar maka da hankali, ka taƙaita ziyarar zuwa minti 20, ka je tare da wani ɗan'uwa, ka zaɓi lokacin da ba ka gaji ba. Ranar da ka ziyarce shi, kada ka sa zama da kowa.