Amsa ga Maman Ummi kan maganin ciyawar teku da ƙabar Baba

Wa'alaikumussalam Maman Ummi. Na ga tambayarki tun jiya da dare amma ina kan aiki, sai yanzu na samu zama. In na fahimce ki dai Baba yana da ƙaba, tana fitowa tana komawa, kika ga tallar kafso na ciyawar teku a Facebook wai yana kare hanji in jini ya daina zuwa masa, shi ne kike tambaya ko a saya masa a huta da zancen tiyata. Ni nas ne, shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin tiyata a nan Gombe, bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Masu tallar ba ƙarya zalla suka yi ba, shi ya sa abin yake da haɗari. Hanji yana da jijiyoyin da ke kai masa jini, in ƙaba ta shaƙe shi ko ya murɗe ko gudan jini ya toshe hanyar, sai ya fara mutuwa. Abin mamakin kuma ko an buɗe hanyar jini ya dawo, dawowar tasa ma wata ɓarna ce. Kin san yadda ake yi a fadamun Dadin Kowa, in magudana ta bushe ta tsattsage aka sako ruwa da ƙarfi lokaci guda, ai ruwan da ake jira shi ne zai zaizaye bakinta. To haka oksijin yake yi in ya dawo cikin naman da ya galabaita, yana haifar da wasu ƙwayoyi masu cin nama kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Wani Granger da abokan aikinsa a Amurka suka nuna haka tun 1981, a hanjin kyanwa. Daga nan masana suka shiga neman abin da zai kashe kaifin wannan tsatsar, shi ne ake ce wa antioksidan.

Ciyawar teku kam tana da su. Akwai fukoidan wanda wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Kylin ya fara cirowa a 1913, akwai fukozantin, duk a cikin mai ruwan ƙasa-ƙasa irin wadda mutanen Japan da Koriya ke zubawa a miya. An gwada ire-irensu an ga kumburi da ɓarnar nama sun ragu, amma fa a jikin ɓeraye, a ɗakin gwaji, inda mai binciken shi ne da kansa ya matse jijiyar yana duba agogo, ya san minti nawa zai yi ya sake, kuma galibi tun kafin ya matse ya riga ya ba ɓeran maganin. Baba ɓera ne? Kuma wa zai gaya miki ranar da ƙabar za ta shaƙe balle ki ba shi kafin lokacin? Kafso ba ya buɗe abin da ya shaƙe, hannu da wuƙar likita ke buɗewa.

Kawuna ƙanin mahaifiyata haka ya yi mana. Manomi ne can wajen Kumo, shekaru yana tura abin ciki da hannunsa in ya fito, ya ƙi tiyata wai shi ba za a yanka shi ba. Wata Laraba yana ɗaga buhun masara ta fito ta ƙi komawa, maimakon a kawo shi sai aka kai shi wani kemis aka yi masa allurar kashe ciwo, aka haɗa da jiƙo, sai Juma'a da asuba aka kira ni, lokacin yana amai kore, cikin ya kumbura, ba kashi ba tusa. Ina tsaye a wajen da aka buɗe. Hanjin lafiya launinsa ja-ja ne mai sheƙi, yana motsi a hankali kamar tana, nasa kuwa wajen da ya shaƙe ya yi baƙi kamar hantar da ta kwana, ga wari. Likita ya sake shi, muka jiƙa gozi, wato ƙyallen tiyata, da ruwan gishiri mai ɗumi muka lulluɓe, muka tsaya muna jira wajen minti goma ko launin zai dawo, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar na'ura. Bai dawo ba. Sai da aka yanke kusan kamu ɗaya aka haɗe sauran. Ya rayu Alhamdulillah, amma aikin da da tun farko aka yi shi kwana ɗaya biyu zai koma gida, ya kwashe kusan sati uku a gado, an sayar da shanu biyu. Hanjin da jini ya yanke masa gaba ɗaya wajen awa shida kawai yake iya jurewa, shi kuma ya kai kwana biyu.

Sannan kafson ma kansa ba ruwan sanyi ba ne. Ciyawar tana da ayodin da yawa, babba maikrogiram 150 kawai yake buƙata a rana kuma gishirinmu na kasuwa an riga an sa masa, in ya yi yawa yana rikita aikin ƙullin nan na wuya da ake kira tayirod, musamman mai maƙoƙo. Fukoidan kuma yana tsinka jini, in Baba yana shan maganin tsinka jini irin su asfirin ko wafarin to lallai likita ya sani. Ki duba ko akwai lambar NAFDAC a jikin robar ma tukuna. Wani zai ce ai ga dihe, koren abin nan da ake kwasowa a ruwa a yankin Tafkin Chadi a busar a sa a miya, wannan daban ne, sifirulina ake ce masa, ba ciyawar teku ba ce. In antioksidan ake so ga zogale ga zoɓo ga tumatir a kasuwar Gombe.

Ki kai Baba ɓangaren tiyata a duba shi a ba shi rana tun yana tafiya da ƙafarsa, sau da yawa ma kashe wajen kawai ake yi ba sai an sa shi barci ba, ki gaya masa haka don tsoron da dattawa ke ji ke nan. In kuwa kafin ranar ta fito ta ƙi komawa, ta yi tauri tana zafi, ko ya fara amai, kar a danna da ƙarfi, kar a ba shi ko ruwa, a wuce asibiti ko ƙarfe biyun dare ne. Allah Ya ba shi lafiya, ki gaishe min da shi.