Anti, Me Ya Sa Idan Na Rufe Ido Sai Abin Ya Ƙaru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Shekarata 34, ina zaune a Rigasa da maigidana da yaranmu uku. Ina da shekara 6 mahaifiyata ta rasu, aka ba wata 'yar'uwar babanmu riƙona. Shekara 11 na yi a hannunta. Duka da muciya, talla tun asuba, ranar da kuɗi bai cika ba kuma a kulle ni a sito in kwana da yunwa. Maigidana bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma ko ƙofa ya buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi, jikina ya ɗauki rawa. Idan tuwo ya yi gudaji sai in yi ta zagin kaina har dare. Wata ƙawata ta koya mini in zauna in rufe ido in bi numfashina na minti 20. Sau uku na gwada, duk sai in ga kaina a cikin siton nan. Ta ce in riƙa tausaya wa kaina, ni kuwa haushi ma maganar take ba ni. A gida an ce iska ce, surukata ta ce rashin tawakkali ne. Anti, hauka nake yi?
Daga wata baiwar Allah, Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba hauka kike yi ba. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a wajen sito na fi daɗewa.

Yarinya 'yar shekara 6 ba ta da inda za ta gudu, ba ta da ƙarfin ramawa. Abin da ya rage mata shi ne ta kasa kunne: takun ƙafa, ƙarar ƙofa, yanayin murya. Jikinki ya yi shekara 11 yana wannan gadi, kuma gadin ne ya fitar da ke da rai. Har yanzu bai samu labarin cewa an tashi daga gidan ba. Ni kaina rikicin watan Fabrairun 2000 ya same ni a Tudun Wadar Kaduna, kuma har gobe idan na bi ta inda ake babbaka da taya, ƙirjina kan buga kafin in gane dalili. Nawa na 'yan kwanaki ne. Naki kuwa kullum ne, daga hannun wadda ya kamata ta rungume ki.

Wannan bambancin wata likita Ba'amurkiya, Judith Herman, ta bayyana a 1992, cewa cutarwar da ta daɗe tana maimaituwa a inda babu mafita tana barin tabo na daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, likitoci na taƙaita sunansa da CPTSD. Bayan dawowar abin a ido, da gudun duk abin da ke tuna shi, da zaman ɗar-ɗar, akwai ƙarin alamominsa uku: wahalar lallashin zuciya idan ta tashi, ganin kai ba a bakin komai ba, da wahalar sakin jiki da mutane. Ki duba wasiƙarki, yawancinsu na ciki.

Ƙawarki da alheri ta zo. Abin da ta koya miki ya yi suna ne tun 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri a Jami'ar Massachusetts don marasa lafiya masu fama da ciwo da damuwa, kuma ya amfani mutane da yawa. Sai dai ga wadda aka kulle a duhu, rufe ido da zama shiru tamkar mayar da ita sito ne. Masu aiki da irin ciwonki sun san da haka, shi ya sa suke sauya tsarin. Laifin ba naki ba ne.

Ki bar idonki a buɗe. Ki zauna a tsakar gida da rana, bayanki jingine da bango, inda kina ganin ƙofa, tafin ƙafarki a ƙasa. Ki kira sunan abu biyar da kike gani, a fili: buta, igiyar shanya, turmi, takalmin autanki, inuwar mangwaro. Ki saurari abin da ke waje, mai ruwa da kurarsa, Keke Napep, karatun 'yan Islamiyya. Minti 2 ya isa. In zaman ya gagara, ki yi shi a cikin aiki: kina tsintar wake ki ji shi a yatsunki, kina alwala ki ji sanyin ruwan a fuska da gwiwar hannu, kina jan carbi ki ji kowace ƙwaya. Idan kin taɓa numfashi, ki sa fitarsa ta fi shigarsa tsawo, domin hakan na rage gudun zuciya. Da kin ji siton na matsowa, ki tashi ki taka, ki ce, "Ina Rigasa, shekarata 34, ƙofa a buɗe take." Ikon tsayawa a hannunki yake, kuma shi ne abin da aka hana ki a da.

Haushin da maganar tausayin kai ke ba ki bai ba ni mamaki ba. Wani masani ɗan Ingila, Paul Gilbert, ya lura cewa waɗanda suka tashi cikin zagi da wulaƙanci kan ji tsoron tausayi, har wanda ya fito daga su kansu. A irin gidan da kika tashi, sau da yawa sai an yi baƙi ake yi wa 'yar riƙo fara'a. Ina za ki yarda da magana mai taushi?

Ga abin da na fi so ki riƙe. Ranar da tuwo ya sake gudaji kika fara zagi, ki tsaya ki saurari kalmomin. Na wa ne? Ina kyautata zaton ba ke kika ƙirƙiro su ba, a bakin mariƙiyarki kika ji su, kina ƙarama kika haddace. Sannan ki kalli ƙaramin cikin yaranki. Da shi ne ya dawo kuɗi bai cika ba, me za ki ce masa? To, shi za ki ce wa kanki. Kada ki tilasta wa bakinki kalmomin da bai yarda da su ba. Ki fara da abin da yake gaskiya tsagwaronta: "Wannan da wuya. Yarinya ce ni a lokacin." Kristin Neff ta Jami'ar Texas ta ƙara da cewa tunawa ba ke kaɗai ba ce yana cikin tausayin kai, kuma Allah kaɗai Ya san yawan matan garin nan da suka tashi a irin wannan riƙo.

Batun tawakkali kuwa, da girmamawa ga surukarki, Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya ce haƙuri mai kyau, kuma ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Salmanul Farisi ya ce wa Abud Darda'i kanka na da haƙƙi a kanka, Manzon Allah (SAW) ya gaskata shi. Ki ci gaba da addu'a da azkar ɗinki, ki haɗa da asibiti.

Waɗannan dabaru na sanyaya jiki ne, ba sa maye gurbin ganin ƙwararre. Ki je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ki nemi ganin likita da masanin halayyar ɗan Adam. Na san abin da mutanen Kaduna ke nufi idan sun ce "sai Barnawa", amma masu rashin barci da masu damuwa na zuwa su koma gida a ranar. Ba dole ki zayyane komai a zaman farko ba. Idan kuwa tunanin kashe kanki ya taɓa zo miki, kada ki jira, ki gaya wa wanda kika amince da shi ya raka ki yau.

Shi maigida, ba sai kin ba shi labarin shekara 11 a dare ɗaya ba. Ki samu lokacin da ya ci abinci ya natsu, ki ce, "Don Allah ka riƙa rufe ƙofa a hankali, ka yi gyaran murya kafin ka shigo." Ki rubuto mini bayan wata ɗaya in ji yadda zaman tsakar gidan ya kasance.