Haɗa kyamarorin shago a manhaja ɗaya

Malam, ka ce kyamarori ukun da ke shagonka na Tsohuwar Kasuwa kowace da manhajarta, kana son haɗa su wuri guda. To, raba aikin gida biyu: umarni daban, hoto daban. ONVIF, wato ƙa'idar da ke sa kyamarorin kamfanoni daban-daban su ji umarni iri ɗaya, shi ne zai gano kyamara ya juya ta dama ko hagu in mai juyawa ce. A ɓangaren hoto kuma, ƙa'idoji biyu ne: RTSP, ta ƙofa 554 (lambar mashigar da manhaja ke bi ta isa kyamara), shi ke buɗe bidiyon, RTP ya ɗauko shi.

Abin da ya fi muhimmanci, ka ajiye ƙaramar kwamfuta a tsakiya, ta karɓi bidiyon sau ɗaya ta rarraba wa wayoyi. A shagona na Mabera, ranar da yara huɗu suka buɗe kyamara ɗaya kai tsaye, hoton ya tsaya cak. Don Allah kafin ka sayi wata kyamara, duba ko an rubuta ONVIF a kwalinta.