Birin Bale da kofin daji: wa ya fi shiga haɗari?

Malam, ka tambaya tsakanin birin tsaunukan Bale da kofin daji (wato shukar gahawa), duka na Habasha, wanne ya fi fuskantar ɓacewa. A jerin IUCN, ƙungiyar duniya mai jera halittu mataki-mataki bisa haɗarin ɓacewarsu, kofin ne.

Birin Bale ɗan jinsin Chlorocebus ne, wato ɗan'uwan kirkan dazukanmu. An bayyana shi a 1902, kuma an daɗe ana ɗaukarsa wani reshe na birin grivet, wani ɗan wannan jinsin, kafin a ware shi. Matakinsa "mai rauni". Matsalarsa abinci ce: yawancin abincinsa ɗanyen ganyen gora ne, inda aka sare gorar kuwa sai ya faɗa gonakin mutane, su kuma su far masa.

Kofin Arabika dangin Rubiaceae ne, gida ɗaya da gauɗe. Shi yana mataki na gaba, "cikin haɗari", bisa binciken masanan lambun nazarin tsirrai na Kew da ke Landan, da aka wallafa a 2019. Kada gonakin Brazil su ruɗe ka, ba a ƙirga na noma. Na daji ake dubawa, irin wanda ke fitowa da kansa a inuwar dajin Harenna da ke yankin Bale. Hasashen ɗumamar yanayi ne ya ɗaga shi, don haka a ganina ma'aunin biyun ba ɗaya ba ne.