Birkin babbar mota ba ya mutuwa rana ɗaya

Salamu alaikum ɗana, na ga saƙonka. Ka ce abu biyu na damunka, na farko kullum in babbar mota ta yi ɓarna sai ka ji an ce birki ne ya tsinke, shin haka yake tsinkewa babu ko gargaɗi? Na biyu kuma mi ya sa na hana ka fidda mota daga giya a gangare alhali kana ganin wasu direbobi na yi, sun ce ana rage shan gazwal. To su biyun magana guda ce, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun ba ka kama sitiyari kai kaɗai ba.

Ka fara sanin abin da kake turawa. Ƙaramar mota ta taksi ba ta wuce tan 1 da rabi, tirelarmu kuwa in an yi mata lodi tana kai tan 40 zuwa 50. In kana gudun kilomita 80, a kowane sakan guda ka ci mita 22, wato kafin idonka ya ga raƙumi bisa gudron ƙafarka ta kai ga birki ka riga ka wuce tsawon motarka gaba ɗaya. Kuma gudu ba ya lissafi irin na kasuwa, in ka ninka gudu sau 2 nisan da za ka ci kafin ka tsaya sau 4 yake ninkuwa. Shi ya sa nake faɗa da kai kan kilomita 10 kacal da ka ƙara, kana ganin ba komi ba ne.

Birkinmu na iska ne, ka san wanga. Kompireso na tara iska cikin tankuna, allurar agogon iska ta hau wajen 8, in ka taka sai iskar ta tura garnitir, wato takalmin birki, ta matse tambur, gangar ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya. Duk ƙarfin gudun tan 50 ɗin nan zafi yake komawa cikin tambur, babu wani wurin da zai tahi. Yanzu ka ɗauka kana saukowa gangaren Badagishiri da siminti na Malbaza, ko cikin duwatsun Adar wajen Keita da Buza, ka fidda giya ka ɗora ƙafa bisa birki tun daga sama. Tambur ya yi ja ya buɗe, garnitir ya ƙone ya yi santsi kamar tangaran, kana takawa har ƙasa mota na ƙara gudu, ga wari na tashi ga hayaƙi. Bayan haka tunda ka fidda giya injin na juyawa a hankali, kompireso ba ya tara iska da sauri, kai kuma tsoro ya kama ka kana ta taka ka saki taka ka saki, kowace takawa iska ce ke zubewa. Ka ce bari in maida giya, ba za ta shiga ba, gudun ya wuce nata. Wanga shi ne abin da za a je a gaya wa jandarmomi cewa birki ya tsinke. Direba ne ya kashe shi da ƙafarshi tun daga saman tudu.

Gazwal ɗin ma da ake kwaɗayi, in mota na cikin giya ka ɗauke ƙafa daga totur, inji yanke mai yake, nauyin motar ne ke juya shi. Wanda ya fidda giya shi ne ma injinshi ke shan mai don kada ya mutu. Kenan ba su samu komi ba sai hatsari.

Yadda ake yi shi ne tun kana bisa tudu kafin hanci ya sunkuya ka rage gudu ka sa ƙaramar giya, wadda za ka hau tudun da ita ko ma ƙasa da ita. Ka kunna birkin inji ya riƙe maka. In gudu ya ɗan hau ka taka da ƙarfi sau guda ka sauke shi kamar kilomita 10, ka saki gaba ɗaya tambur ya sha iska, in ya sake hawa ka sake. Na baya na ta maka oda ka ƙyale shi, sauri ya haifi nawa.

Amma wallahi rabin maganar ba bisa hanya take ba, a gareji take. Mi ya sa nake tada ka da asuba ka ja zoben ƙasan tankunan iska? Ruwa da baƙin mai ne ke taruwa ciki, musamman da damina, su cinye wurin iska su lalata bawul. Ka kashe inji ka taka birki ka riƙe minti guda kana kallon allura, in tana saukowa akwai inda ke yoyo, ka bi tiyo da kunnenka har ka same shi, ka duba tiyo biyun nan da ke haɗa kai da tirela ba su goga ƙarfe ba. Allura ba ta kai ba, ƙararrawa na kuka, mota ba ta motsawa ko mai kaya zai yi ta zagi. Abin da ya fi ƙona min rai kuwa shi ne wanda birkin wata ƙafa ya fara yoyo sai a naɗe tiyon a ɗaure da waya a ce mu kai Yamai tukuna. Ƙafa guda ta daina aiki, sauran sun ɗauki nauyinta, su yi zafi da wuri, ranar da ka taka da ƙarfi kuma mota ta ja gefe guda ko tirela ta naɗo ta bugi kai. Duk wanda ya sa ka yin haka, ko ni ne, ka ƙi.

Sai lodi. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta 2005 ta ce tirela mai ƙafa 6, wato layin taya 6, kada ta wuce tan 51 ita da kayanta, amma kai ma kana gani lokacin albasar Galmi yadda ake jibga buhuna har sama, a ƙara mutane bisa kaya ranar kasuwa. Birkin da anka yi don tan 50 ba ya sanin mai kaya na son riba. Kuma kaya in sunka yi tsawo, a kwana ne mota ke kifewa ko da gudun bai kai ya kawo ba. Ga taya kuma cikin zafin watan Afrilu, kwalta na tafasa, taya ta gaba in ta fashe da lodi irin wanga ba hannun da zai riƙe sitiyari. Kada ka taɓa yarda a sa tsohuwar taya a gaba.

Barci kuma ba ka da maganinshi sai barci. Daga Zinder zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, masu ɗauko mai daga matatar mai ta SORAZ sun sani, ba shayi ba goro da ke kai mutum. Tramol kuwa ban ma son jin sunanshi, ido a buɗe kai a rufe. Ka samu wuri ka fita daga kwalta ka sa weji ka kwanta.

In mota ta lalace da dare aikinka ne kai aparanti yaron mota, kuma nan ne ake kashe mutane da yawa, mai bus ko ɗan kabu-kabu ya zo ya shige ƙarƙashin tirela don bai gan ta ba. Ganyen da ake karyawa a zuba ba ya haske cikin duhu. Ka kai tiriyangil, alamar nan mai ƙyalli mai kusurwa uku, nesa sosai, gaba da baya, in bayan kwana ce ka kai shi kafin kwanar, ka kunna fitilun gargaɗi, ka goge abin ƙyallin bayan tirela da ƙura ta rufe. In an gyara ka kwashe duwatsun da ka jera, kada ka bar wa na baya. Cikin gari kuma, Tawa ko Yamai, ka sani akwai wurin da madubi ba ya nuna min, gefen dama kusa da ƙofa da gaban hanci, nan ƴan babur da masu amalanke ke laɓewa, idonka ne nawa a wurin, ka leƙa ka yi magana da ƙarfi.

Kuma tunda kana sha'awar siterni, wato motar tankin mai, ka riƙe wagga. Tanki in bai cika ba man ciki yana tuƙa kanshi, ka taka birki ya dawo ya tunkuɗa ka gaba, a kwana ya kwanta gefe guda. In Allah ya kiyaye ta kife, ka tuna watan Mayu na 2019 kusa da filin jirgin sama na Yamai, siterni ta faɗi da dare mutane sunka taru da bidodi suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 sunka rasu. Tururin man fetur ke kamawa, babur guda da anka tada ko sigari ya isa. Ka kashe inji ka cire batir in da hali, ka kira ƴan kwana-kwana da jandarma, ka kori mutane nesa ta wajen da iska ke tasowa, ko za su zage ka ka yi ta ihu.

Gobe ka zo gareji da wuri kafin a fara lodi, ka taho da tocila da kile. Za mu shiga ƙarƙashi tare in nuna maka yadda ake auna tahiyar sandar birki ƙafa bayan ƙafa, ta baya ta hagu na ga kamar ta yi sako-sako, kai za ka ɗaure ta ina kallo. Ka gaida min mahaifinka.