Hajiya, kada ki sa tafiyarki daf da Wisaka Buca

Hajiya mai tambaya ko kasuwar Bankok ta ƙasar Tailan tana ci ranar Wisaka Buca, babbar ranar ibadar mabiya addinin Buda, da kuma ma'anar ranar, wallahi ina karantawa sai da gabana ya faɗi, don ni ta taɓa ci.

A 2023 ne. Ranar ta faɗo Asabar 3 ga Yuni, aka ƙara hutun Litinin. Na ba wani dillali a kasuwar tufafi ta Faratunam kafin alƙalami na dila biyu na kayan yara, ya rantse Juma'a da yamma kaya suna kago. Ashe garinsu ya tafi kai uwarsa ziyarar haikali. Waya a kashe kwana uku! Ina zaune a ɗakin otal, ga fanka tana kaɗa zafi, ga ruwan damina, ina kirga sauran bat ɗina, kuɗin ƙasar, a kan gado. Jirgi ya tashi ya bar ni, biza ta wuce da kwana biyu, na biya tarar bat 500 kowace rana. Da ya dawo, ko haƙuri bai ba ni ba, sai murmushi da haɗa tafin hannu. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake.

Su mabiya Buda a wurinsu babu ranar da ta kai ta. Sun ce a ranar cikar wata irin wannan aka haifi Buda, wanda ya kafa addininsu, a Lumbini ta Nefal, a irinta ya samu wayewar da suke faɗa, a irinta kuma ya rasu. Yawanci a Mayu take faɗowa. Da asuba suna zuba wa sufayensu masu rawayan mayafi abinci a ƙwarya, da dare su zagaya haikali sau uku da kyandir, turaren tsinke da furen bado. Daga bakin titi na tsaya na kalla, ban shiga ba, shiru kamar ba mutane.

Manyan kantuna suna buɗewa, amma ofisoshin gwamnati da yawancin bankuna a rufe. Ki canza kuɗinki tun kwana biyu kafin nan. Kuma don Allah kada ko gefen mayafinki ya taɓa sufi a jirgin ƙasa, mace ba ta taɓa su, ni sai da wata tsohuwa ta fizgo ni baya. Kada ki sakar wa kowa cikon kuɗi sai kin ga rasit ɗin kago da idonki. In kin rasa dillalin kirki ki min magana ta ciki.